Darasin Wannan Wata: Yadda Ake Wanke Maƙogwaron Injin Mota a Gida

A ƙauyuka da yawa mota ɗaya ce ko biyu ke yi wa kowa aiki. Ita ke kai hatsi kasuwa. Ita ke kawo taki idan damina ta gabato. Idan naƙuda ta zo wa mace da gardama cikin dare, ita ake tasa a kai ta asibiti. Saboda haka lafiyar wannan mota ta shafi kowa da kowa a gari.

Akwai wata matsala da ke damun masu mota ƙwarai. Mota tana tafiya lafiya a kan hanya. Amma da direba ya ɗaga ƙafa daga totur, ya taka birki a mararraba ko a bakin rami, sai inji ya kama rawa, ya mutu. A tashe ta, ta tashi. A sake tsayawa, ta sake mutuwa. Wani ya ce fulogi ne, a saya. Wani ya ce famfon mai ne, a saya. Kuɗi su ƙare, matsala tana nan.

Sau da yawa abin da ke jawo haka ɗan datti ne da ya taru a ƙofar da iska ke bi ta shiga inji. Mai mota zai iya wanke wannan datti da kansa a ƙofar gida, cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka, idan ya san abin da zai taɓa da abin da ba zai taɓa ba. Wannan shi ne darasin wannan wata.

INJI MA YANA NUMFASHI

Kowa ya san wuta ba ta ci sai da iska. Mai girki tana fifita murhu. Maƙeri yana zuga wuta da zugazugi. Haka yake a cikin injin mota. Fetur shi kaɗai ba ya ci. Sai ya haɗu da iska, sannan fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta kama, inji ya juya.

Iskar da inji yake sha tana da yawa ƙwarai. Kilo 1 na fetur yana bukatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone sarai. A ma'aunin da aka saba da shi, lita 1 ta fetur tana bukatar iska kusan lita 9,000. Wannan ya kai cikin durom 45, irin durom mai cin lita 200.

Ke nan duk abin da ya tare wa iska hanya, ya taɓa lafiyar inji.

MENE NE MAƘOGWARON INJI?

Idan aka buɗe bonet, za a ga wani baƙin akwati na roba. A cikinsa matatar iska take. Daga wannan akwati akwai wata ƙatuwar mesa baƙa da ta nufi inji. Inda mesar ta ƙare, an ɗaure ta a bakin wani bututun ƙarfe mai launin farar dalma. Wannan bututu shi ne maƙogwaron inji. Kanikawa suna kiransa totur-bodi.

A cikin bututun akwai wani ɗan faifan ƙarfe, kewayayye kamar murfin gwangwani. An soke shi a kan sanda, yana juyawa. Shi ne ƙofar iska. Idan direba ya taka totur, faifan ya buɗe, iska mai yawa ta shiga. Kwamfutar mota ta auna iskar, ta ba da fetur daidai da ita, inji ya ƙara ƙarfi. Idan ya ɗaga ƙafa, faifan ya koma ya rufe.

Lokacin da mota take tsaye inji yana aiki, ana cewa tana kan silo. A wannan lokaci faifan kusan a rufe yake. 'Yar siririyar kafa ce kawai ta rage a gefensa. A wasu tsofaffin motoci kuma akwai wata ƙaramar hanya a gefe da iskar silo take bi. To, wannan 'yar kafa ita ce ran inji a kan silo. Idan datti ya cike ta, inji ya shaƙe, kamar mai mura da hancinsa ya toshe.

Lafiyayyen inji da ya yi zafi yana juyawa sau 600 zuwa 900 a minti ɗaya a kan silo. A agogon da ke gaban direba, allura tana tsayawa ƙasa da lamba 1 kaɗan, kuma ba ta rawa.

WAƊANNE MOTOCI WANNAN DARASI YA SHAFA?

Motocin da suna da kafireta. Misali shi ne Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a shekarar 1975. A cikin kafireta ake haɗa fetur da iska. Yawancin babura da janareto da injin ban-ruwa ma kafireta suke da ita. Wankinta daban ne.

Daga shekarun 1990 masu ƙera motoci suka bar kafireta, suka koma injekta. Yawancin motocin fetur da ake shigowa da su na hannu, waɗanda ake kira 'yan Kwatano, masu injekta ne. Su wannan darasi ya shafa. Bai shafi motoci masu shan man gas ba.

Maƙogwaron motoci masu injekta iri biyu ne. Wajibi ne mai mota ya san irin nasa kafin ya fara aiki.

Na farko shi ne mai waya. Akwai wayar ƙarfe da ta taso daga totur ɗin ƙafa ta zo gefen maƙogwaro, ta naɗe a kan wani ɗan gargare. Idan aka murɗa gargaren da hannu, faifan ya buɗe. Wannan iri yana da sauƙin wanki.

Na biyu shi ne mai lantarki. Ba shi da wayar ƙarfe. A gefensa akwai ɗan baƙin akwati da soket mai wayoyi. A cikin akwatin akwai ƙaramin inji na lantarki da haƙoran roba, su ke buɗe faifan bisa umarnin kwamfuta. Wannan iri ya yawaita a motocin da aka ƙera bayan shekarar 2000. Yana da tsada, kuma ba ya son ƙarfi. Sai an bi shi a hankali.

DAGA INA DATTIN YAKE ZUWA?

Hanya uku ce.

Ta farko, tururin baƙin mai. Idan inji ya yi zafi, man da ke cikinsa yana fitar da tururi. Masu ƙera mota ba su bar wannan tururi ya fita waje ba. Sun sa wata ƙaramar mesa da ke mayar da shi cikin hanyar iska domin ya ƙone. Kaɗan daga cikinsa yana maƙalewa a jikin faifan.

Ta biyu, hayaƙi. A motoci da yawa ana mayar da wani ɓangare na hayaƙin salansa cikin inji. Wannan hayaƙi yana ɗauke da baƙin toka.

Ta uku, ƙura. Motar karkara a kan burji da turɓaya take yini. Da hunturu kuma iska kanta cike take da hazo. Idan matatar iska ta yage, ko ba ta zauna daidai ba, ƙura ta wuce.

Idan maiƙo da toka da ƙura suka haɗu, sai su zama wani baƙin abu mai danƙo, kamar kunkunniyar da ke taruwa a rufin ɗakin girki. Kullum yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, har ya cike kafar silo.

ALAMOMIN MAƘOGWARO MAI DATTI

1. Inji yana rawa idan mota tana tsaye.

2. Allurar agogo tana hawa tana sauka da kanta.

3. Mota tana mutuwa idan aka taka birki ko aka sa giya.

4. Mota tana mutuwa idan aka kunna na'urar sanyaya ɗaki ko aka murɗa sitiyari a tsaye.

5. Da safe ba ta tsayawa a kunne sai an riƙe ta da totur.

6. Idan aka taka totur, tana jinkiri kafin ta amsa.

7. A mai waya, totur yana cijewa a takun farko, sannan ya saki gaba ɗaya.

8. Wani lokaci fitila mai ruwan ɗorawa mai hoton inji tana kamawa a gaban direba.

Direban da motarsa take haka yakan riƙa zuga totur a duk inda ya tsaya don kada ta mutu. Wannan ɓarnar fetur ce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na shekarar 2023 farashin fetur ya ninka, kowace lita ta zama abin tattali.

KAYAN AIKI

1. Gwangwanin maganin wanke maƙogwaron inji, irin na fesawa. Ana samunsa wurin masu sayar da kayan gyaran mota. A karanta rubutun jikinsa, ko a ba wanda ya iya ya karanta. A tabbata na wanke totur ne.

2. Farin ƙyalle mai tsabta, guda biyu ko uku, wanda ba ya zubar da zare.

3. Tsohon buroshin goge haƙori mai laushi.

4. Sukundireba da filaya.

5. Sifana lamba 10 da lamba 8. Su ne suka fi shiga wannan aiki.

6. Tocila.

7. Tabarau da safar hannu ta roba.

8. Ɗan kwano na ajiye noti.

Abin lura: akwai wani magani da ake zubawa a tankin mai domin wanke injekta. A yawancin motoci wannan ba ya wanke faifan, domin fetur yana shiga ne a bayan faifan, ba ya bi ta kansa.

KIYAYE LAFIYA KAFIN A FARA

Maganin wanki yana kama wuta fiye da kananzir. Hoton harshen wuta da ke jikin gwangwani abin da yake nufi ke nan. Kada a yi aikin kusa da murhu, ko fitilar ƙwai, ko mai shan taba. Kada a bar gwangwanin a rana ko a cikin mota mai zafi.

A yi aikin a fili, inda iska take kaɗawa, kamar gindin bishiya. Kada a kunna mota a cikin rufaffen ɗaki ko zaure. Hayaƙin salansa yana ɗauke da guba marar wari da ke kashe mutum ba tare da ya farga ba.

A bar inji ya huce sosai. Idan daga tafiya aka dawo, a jira aƙalla awa ɗaya. A sani kuma, a wasu motoci fankar lagireto tana tashi da kanta ko da an kashe inji.

A kori yara daga wurin. Idan magani ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, sannan a je asibiti.

YADDA AKE AIKIN

Mataki na 1. A ajiye mota a wuri mai daidai. A ja birkin hannu. A kashe inji, a zare makulli, a sa shi a aljihu. A buɗe bonet, a tokare shi da sandarsa.

Mataki na 2. A kwance kan batir mai alamar cirewa, wato (–). Yawanci wayarsa baƙa ce. A kau da wayar gefe yadda ba za ta koma ta taɓa batir ba. Wannan yana hana tartsatsi. Yana kuma hana faifan mai lantarki motsawa ya datse yatsa. Agogon mota zai goge, sai an sake saita shi. Wasu rediyoyin mota suna neman lambar sirri bayan an cire batir, saboda haka a nemi lambar tun kafin a fara.

Mataki na 3. A dubi yadda komai yake zaune. Mai wayar hannu ya ɗauki hoto. Wanda ba shi da ita ya sa alama da alli a kan kowace ƙaramar mesa da inda ta shiga. Wannan zai taimaka wajen mayarwa.

Mataki na 4. A sassauta ɗaurin ƙarfen da ya riƙe babbar mesa a bakin maƙogwaro. A cire ƙananan mesoshin da ke jikinta. Idan akwai soket, a danna harshensa sannan a ja. Kada a ja shi ta wayoyi. A murɗa babbar mesa a hankali har ta fita. Tsohuwar roba tana tsagewa idan aka fizge ta.

Mataki na 5. A haska tocila a ciki. Za a ga faifan. Idan akwai baƙin zobe a jikin bututu inda bakin faifan yake zama, an samu mai laifi. Idan wurin fes yake, matsalar tana wani wuri, sai a mayar da komai. A duba kuma ko akwai takardar gargaɗi manne a jikin maƙogwaron. Wasu masu ƙera mota suna shafa wani maiƙo na musamman a ciki, su rubuta cewa kada a wanke. Idan an ga haka, a bar shi.

Mataki na 6. A fesa magani a jikin ƙyalle, sannan a goge bakin bututu da gaban faifan. Fesawa a ƙyalle ta fi fesawa kai tsaye, domin ba a so magani ya kwarara cikin inji ko cikin kayan lantarki.

Mataki na 7. A buɗe faifan. Idan mai waya ne, a murɗa gargaren da hannu, ko a sa wani ya taka totur ya riƙe. Idan mai lantarki ne, a tura faifan da yatsa sannu a hankali, a riƙe shi, kuma a mayar da shi sannu a hankali. Kada a sake shi ya buga. Idan ya ƙi motsi, kada a tilasta masa. A goge iya inda hannu ya kai, sauran a bar wa bakanike.

Mataki na 8. A jiƙa buroshi da magani. A goge baƙin zoben, da bakin faifan, da bayansa, da kusurwa biyu inda sandar ta shiga jikin bututu. A nan datti ya fi ɓuya. A share da ƙyalle. A maimaita har sai farin ƙyalle ya daina fitowa da baƙi. A riƙe ƙyallen da kyau, kada ya faɗa ciki. Idan gwangwanin yana da ɗan siririn tsinken fesawa, a riƙe shi shi ma, domin yana ficewa.

Mataki na 9. A bar wurin a buɗe minti 10 zuwa 15 ya bushe. A yi amfani da wannan lokaci a duba babbar mesa. A lanƙwasa ta, a dubi tsakanin ƙwaryoyinta. Idan ta tsage, a sake ta. A buɗe akwatin matata, a duba ta, a share ƙurar da ke ƙasan akwatin.

Mataki na 10. A mayar da babbar mesa, ta zauna sosai ta kowane gefe. A ɗaure ɗaurin ƙarfe. A mayar da ƙananan mesoshi da soket, a ji ƙarar shigarsa. A gwada da hoton da aka ɗauka. A ƙirga kayan aiki da ƙyallaye, a tabbata ba a bar komai a kan inji ba. Daga ƙarshe a mayar da kan batir, a ɗaure.

BAYAN AN GAMA

A murɗa makulli zuwa inda fitilun gaban direba suke kamawa, amma kada a tashi inji tukuna. A ƙirga daga 1 zuwa 10. Sannan a tashe shi, ba tare da taka totur ba.

Mai yiwuwa ya yi jinkirin tashi. Mai yiwuwa ya yi tari, ko salansa ta fitar da ɗan hayaƙi. Wannan ba abin tsoro ba ne. Ragowar magani ce take ƙonewa, kuma za ta wuce cikin ɗan lokaci.

A bar inji a kan silo kamar minti 10 har ya yi zafi. Kada a kunna fitila ko na'urar sanyi. Bayan haka a yi 'yar tafiya a hankali, ana tsayawa ana tashi.

Sau da yawa silo yana hawa sama bayan wanki. Ga dalili. Lokacin da datti yake taruwa, kwamfutar mota ta saba ƙara buɗe ƙofar iska don kada inji ya mutu. Yanzu datti ya tafi, amma ita ba ta sani ba tukuna. Sai ta sake koyo. A motoci da yawa tana gyara kanta bayan 'yan tafiye-tafiye. A wasu, kamar motocin Nissan da dama, akwai hanya ta musamman da ake bi a koya mata. Idan kwana biyu ko uku suka wuce silo bai sauko ba, a kai wa bakanike mai na'urar duba mota ya saita.

ABUBUWA SHIDA DA BA A YI

1. Ba a kankare datti da wuƙa, ko sukundireba, ko yashi, ko soson ƙarfe. Idan aka ci bakin faifan ko jikin bututu, kafar silo ta faɗaɗa har abada.

2. Ba a wanki da ruwa da sabulu, ko ruwan batir, ko man birki.

3. Ba a taɓa ɗan sukurun da faifan yake tsayawa a kansa. Tun daga masana'anta aka saita shi, sau da yawa har da ɗigon fenti a kai.

4. Ba a fesa magani a cikin soket ko a kan baƙin akwatin lantarki.

5. Ba a fesa wannan magani a kan ma'aunin iska. Wata 'yar na'ura ce da ke kusa da akwatin matata a motoci da yawa. A cikinta akwai waya siririya kamar gashi. Tana da nata magani daban, kuma ba a taɓa ta da yatsa ko ƙyalle.

6. Ba a sa yatsa a cikin maƙogwaro mai lantarki alhali makulli yana jikin mota.

Wanda ya karya waɗannan dokoki, garin gyaran gira zai rasa ido. Kuɗin sabon maƙogwaro ya ninka kuɗin gwangwanin magani sau da yawa.

YAUSHE ZA A JE WURIN BAKANIKE?

Wanki ba ya maganin kowace cuta. Lalataccen fulogi, da matatar mai da ta toshe, da famfon mai da ya gaji, da fetur mai ruwa, duk suna sa mota rawa da mutuwa. A nemi bakanike idan:

An wanke, amma matsalar tana nan yadda take.

Fitila mai hoton inji ta ƙi mutuwa, ko tana ƙyaftawa.

An taka totur amma mota ta ƙi gudu.

An tarar da baƙin mai kwance a cikin babbar mesa. Wannan yana nuna cewa akwai matsala a cikin inji.

Datti ya yi kauri har sai an kwance maƙogwaron gaba ɗaya. Yawanci noti huɗu ne suke riƙe da shi, kuma akwai gasket a bayansa da ake sakewa. A wasu motoci ruwan lagireto yana bi ta jikinsa. Wanda bai taɓa yi ba ya tsaya kusa da bakanike ya ga yadda ake yi. Matambayi ba ya ɓata.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

A riƙa duba matatar iska kowane wata, musamman da hunturu. A ɗaga ta a rana. Idan haske ba ya ratsa ta, ko ta yage, a sake ta. Matatar takarda ba a wanke ta da ruwa ko fetur. Kada a yi tafiya babu matata ko da ta yini ɗaya ce, domin ƙura tana cin cikin inji kamar yadda dutsen niƙa yake cin hatsi.

A riƙa juye baƙin mai a kan lokaci. Kada a cika shi ya wuce alamar sama da ke jikin sandar awo. Mai da ya yi yawa yana ƙara tururi.

A leƙa maƙogwaro da tocila sau ɗaya a shekara, bayan hunturu ya wuce. Idan yana da tsabta, a bar shi. Idan baƙin zobe ya fito, a wanke tun mota ba ta fara mutuwa a hanya ba. Wanda ya yi haka, ran da aka buga masa ƙofa da tsakar dare za a tarar da motarsa a shirye.

SABABBIN KALMOMI

Maƙogwaron inji: bututun da iska take bi ta shiga inji.

Faifai: ƙofar ƙarfe da ke buɗewa da rufewa a cikin bututun.

Silo: aikin inji lokacin da ba a taka totur ba.

Matatar iska: takarda mai ninki da ke tare ƙura.

Injekta: abin da ke fesa fetur a cikin inji.

Gasket: abin da ake sawa tsakanin ƙarfe biyu don kada iska ta bi.

TAMBAYOYI DON 'YAN AJI

1. Me ya sa inji yake bukatar iska?

2. Ta yaya ake gane maƙogwaro mai waya da mai lantarki?

3. A faɗi hanyoyi uku da datti yake zuwa.

4. Me ya sa ake cire kan batir kafin a fara aiki?

5. A rubuta abubuwa huɗu da ba a yi lokacin wanki.

6. Lissafi: idan lita 1 ta fetur tana bukatar iska durom 45, durom nawa lita 4 take bukata? Lita 10 fa?

AIKIN GIDA

Kowane ɗan aji ya kai wannan jarida wurin wani direba a garinsu, ya karanta masa darasin. Ya roƙe shi ya buɗe bonet, su nemo akwatin matata, da babbar mesa, da maƙogwaron inji. Ya rubuta a littafinsa sunan motar da irin maƙogwaron da ya gani, mai waya ne ko mai lantarki, ya kawo wa malamin aji.